Kafin Wasan Gobe, Mun Leƙa Gidan Abokan Hamayya

Gobe Asabar, 25 ga Nuwamba, 2023, da ƙarfe 6 na yamma agogon Najeriya da Nijar, lokacin da wasunku ke shirin sallar magariba, wasu kuma ke neman benci a gidan kallon ƙwallo, a nan Amurka rana ce tsaka. A daidai wannan lokaci mutum sama da 100,000 za su cika wani fili a garin Ann Arbor da ke jihar Mishigan, don kallon ɗaliban jami'o'i biyu suna wasa. Ɗalibai ne masu shiga aji da zana jarrabawa, wasunsu da shekara 1 ko 2 kawai suka girmi 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Jami'ar Mishigan ce mai masauki, Jami'ar Jihar Ohayo ce baƙuwa. Mu huɗu da muka haɗa kai muka rubuto muku wannan a Ohayo muke karatu, uku daga Najeriya, ɗaya daga Damagaram. Saboda haka ku sani tun yanzu, ƙannenmu, mu ba 'yan ba-ruwanmu ba ne. Muna da ɓangare.

Ukunmu mun sauka birnin Kolambus ne a watan Agustan 2022. Babbanmu, wani Bakano da muke kira Yaya, ya riga mu zuwa da wasu shekaru. Ƙwallon da muka sani ita ce wadda kuka sani, zagayayya, wadda ba a taɓa ta da hannu. Amma tun kafin mu gama gane hanyar ɗakin karatu aka sanar da mu cewa muna da abokin gaba. Idan makon wasa ya zo, ɗalibai kan ɗauki jan salatif su bi allunan makaranta suna soke harafin M duk inda suka gan shi, don shi ne farkon sunan Mishigan. Sunan ma ba a faɗinsa, sai dai a ce "waccan ƙungiya ta arewa". Mu 'yan Arewa da farko dariya abin ya ba mu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ranar 26 ga Nuwamban 2022 Mishigan ta zo har gida ta ci mu 45 da 23, bayan ta ci mu 42 da 27 a shekarar da ta gabata. Muka koma ɗaki muka kasa cin abinci, a kan wasan da ko dokokinsa ba mu gama fahimta ba. Daga nan bakinmu ya canza. In hira ta biyo ta kan mutanen Mishigan sai ka ji muna cewa ai masu girman kai ne, ai maha'inta ne, alhali ko ɗayansu ba mu taɓa gaisawa da shi ba.

Bari mu ɗan bayyana muku wasan, don ku bi mu. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, kamar 'yar gwanda. Kowane ɓangare mutum 11 ne, filin kuma yadi 100 ne, wato kusan mita 91, da wani zango a kowane ƙarshe. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su ci gaba da yadi 10, ko da gudu ko da jifa. In sun ci, a sake ba su dama 4. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga zangon ƙarshe da ƙwallo a hannu ya samu maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna biyu ya samu 3. Minti 60 ne a agogo, amma saboda tsaye-tsaye sai a shafe fiye da awa 3. Kafin kowace dama, masu horarwa kan sanar da yaransu dabarar da za a yi ta hanyar alamu da hannu ko da alluna daga gefen fili.

Waɗannan alamu su ne suka jawo rigimar bana. A watan Oktoba labari ya fito cewa ana binciken wani ma'aikacin ƙungiyar Mishigan, bisa zargin yana saya wa mutane tikiti su je wasannin ƙungiyoyin da za a kara da su nan gaba, su ɗauko hoton alamunsu. Doka ba ta hana ka gane alamar abokin karawa ana cikin wasa ba, amma tun 1994 ta hana tura ɗan leƙen asiri kafin ranar. Ma'aikacin ya ajiye aiki, sannan ranar 10 ga Nuwamba hukumar gasar Big Ten ta hana mai horar da Mishigan, Jim Harbaugh, tsayawa a gefen fili a wasanni 3 na ƙarshe, har da na gobe. Shi dai ya ce bai san ana yi ba, kuma binciken bai ƙare ba. Mu kuwa daɗi kamar ya kashe mu. Ga dalilin kayen shekara 2 ya faɗo mana daga sama: ashe satar amsa suke yi.

Yaya ne ya gaji da mu. Ya ce, "Kai, yaran nan, kun cika mu da zancen garin da ba ku taɓa takawa ba. Gani ya kori ji, ku shirya mu je." Tikitin wasan ya fi ƙarfin aljihunmu nesa ba kusa ba, don haka muka tsayar da ranar Lahadi, 19 ga wata, kwana 6 kafin wasa. Bayan asuba muka shiga tsohuwar motar ɗayanmu, kowa da jar hularsa ta Ohayo. Autanmu ya jefa ƙullin jan salatif a jaka, ya rantse sai ya soke M ɗaya a garinsu, mun ɗauke shi hoto.

Tafiyar kusan kilomita 300 ce, ta ɗan ɗara ta Kano zuwa Kaduna, kuma arewa ake miƙewa sak, tsakanin gonakin masara da waken suya da aka riga aka girbe. Dab da iyakar jihohin biyu akwai birnin Toledo, kuma a nan Yaya ya ba mu labarin da ba a ba mu ba ranar da aka miƙa mana salatif. A 1835 Ohayo da Mishigan sun yi jayayya a kan wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,200, wanda Toledo ke cikinsa, saboda taswirorin farko sun yi kuskure. Kowa ya tara dakarunsa ya tura bakin iyaka. Allah Ya taƙaita, ba a kashe kowa ba, sai wani ɗan doka ɗaya da aka daɓa wa 'yar wuƙa, shi ma ya warke. Gwamnatin tarayya ta bar wa Ohayo Toledo, ta ba Mishigan wani yanki can arewa wanda daga baya aka tarar cike yake da tagulla da ƙarfe. Shekara 60 da 'yan kai bayan haka, a 1897, jami'o'in biyu suka buga wasansu na farko, Mishigan ta ci 34 da nema.

Ɗan Damagaram ya tuntsire da dariya ya ce, "Yaya, ashe dai taubasai ne! Kakanninmu ma ai sun gwabza da naku, ga shi yau mota ɗaya muke, kai ke sayen mai." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mana. Malamanmu na Hausa sun koya mana cewa da yawa daga wasannin barkwanci, irin na Kanawa da Zagezagi ko na Fulani da Barebari, tsohuwar gaba ce magabata suka yi wa dabara suka mayar da ita tsokana. A zolayi juna son rai, amma ba a zare ido, ba a ɗaga hannu.

Da hantsi muka shiga Ann Arbor, cikin sanyi mai shiga ƙashi. Ƙaramin gari ne a bakin kogin Huron, mai yawan itatuwa, ko da yake duk ganyensu ya zube a wannan lokaci. An kafa shi a 1824, kuma ana cewa mutum biyun da suka kafa shi sunan matansu suka sa masa, don dukansu akwai Ann a sunansu. Jami'ar ta taso daga Detroit ta dawo nan a 1837. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 123,851 ne a garin. Ku riƙe wannan adadi.

Filin wasan muka fara nufa. Suna kiransa Babban Gida, kuma mutum 107,601 yake ɗauka, wato kaɗan ya rage ya haɗiye garin gaba ɗaya. Babu filin da ya kai shi a duk Amurka. Babban filin wasa na Abuja kusan 60,000 yake ci, sai ku kwatanta. Abin mamaki, daga titi ba ya nuna girmansa, don a 1927 rami aka haƙa aka gina shi a ciki, yawancin kujerun a ƙasa da titi suke. Masoya Manchester United ma suna da rabo a nan, don ranar 2 ga Agustan 2014 a wannan fili ƙungiyarsu ta ci Real Madrid 3 da 1 a gaban mutum 109,318. Ƙofofin a kulle muka same su. Muka tsaya muna leƙe ta tsakanin ƙarafa, ba kowa, sai iska da wani ƙaton M ruwan ɗorawa a bayan allon maki, wanda ko tsani 10 aka haɗa salatif ɗin auta ba zai kai gare shi ba.

Muna nan sai ga wani dattijo yana yawo da karensa, da hula shuɗiya mai M. Ya dubi jajayen hulunanmu ya tambaya ko ɓatan hanya muka yi, ya nuna mana kudu da sandarsa. Yaya ya ce masa a'a, mun zo duba inda za mu binne su ne ranar Asabar. Dattijo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara 2 ke nan yana jin wannan alkawari. Auta bai ga abin dariya ba. Ya murtuke fuska ya ce ai da sata suka ci.

Mun zaci dattijon zai fusata ko ya musa. Sai ya yi shiru jim kaɗan, ya ce abin ya dame shi, ya ba shi kunya, kuma in an tabbatar, duk hukuncin da aka yanke daidai ne. Sannan cikin ruwan sanyi ya tambaye mu ko mun san inda nasararmu ta 2010 ta shiga. Ukunmu muka dubi juna. Yaya ne ya sani, ya sunkuyar da kai. A shekarar Ohayo ta ci Mishigan 37 da 7, amma daga baya aka soke duk nasarorinta na kakar, saboda wasu 'yan wasa sun sayar da kyaututtukan da aka ba su sun karɓi kuɗi da zanen jiki, abin da doka ta hana a lokacin, mai horar da su Jim Tressel kuma ya sani bai kai rahoto ba, har ya ajiye aiki a 2011. Shi ya sa in aka lissafa wasanni 118 da aka buga za a ga Mishigan 60, Ohayo 51, canjaras 6, ɗaya kuma babu shi. Shekara guda da 'yan watanni muna makarantar, an koya mana soke M, ba wanda ya koya mana wannan. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kafin mu rabu dattijon ya ce tun da mun zo, kada mu tafi ba mu gai da ɗan gidanmu ba. Ya kwatanta mana wani tsohon fili da ake kira Ferry, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. A nan ne ranar 25 ga Mayun 1935 wani ɗalibin Ohayo baƙar fata, ɗan shekara 21, mai suna Jesse Owens, ya yi abin da har yau ake labari. Yana fama da ciwon baya, amma cikin minti 45 ya karya tarihin duniya 3 ya kuma yi daidai da na 4. Tsallen da ya yi na mita 8.13 sai da ya shekara 25 ba wanda ya wuce shi. Shekara ta zagayo ya je Balin ya ci zinare 4 a idon Hitila. Mishigan, abokiyar hamayyar makarantarsa, ta kafa allon tunawa da shi a wurin. Yaya ya ƙara mana da cewa a zamanin, launin fatarsa ya hana a ba Owens ɗaki a cikin makarantarmu, a gari ya zauna, yana aikin lifta don biyan kuɗin karatu. Muka tsaya muna kallon wurin, kowa da abin da yake saƙawa.

Daga nan muka bi titin State zuwa tsakiyar jami'a. Muka wuce matakalar zauren ɗalibai inda John F. Kennedy ya tsaya da ƙarfe 2 na dare ranar 14 ga Oktoban 1960, mako 2 bayan Najeriya ta samu 'yanci, ya tambayi ɗalibai wa zai yarda ya je ya yi aiki a ƙasashe irin su Ghana. Daga wannan tambaya aka kafa shirin Peace Corps a 1961, wanda ya turo matasan Amurka koyarwa a makarantun Ghana da Najeriya da Nijar. Ku tambayi kakanninku da suka yi sakandare a shekarun 1960, wataƙila wani ya yi karatu a hannunsu.

A tsakiyar dandalin makarantar akwai M na tagulla a dasa a ƙasa. Ga dama ta samu. Auta ya zuge jaka, ya ga ɗalibai na wucewa, ya fasa fito da salatif, ya ce bari dai ya taka. Ya hau da ƙafa biyu muka ɗauke shi hoto. Wata ɗaliba da ke wucewa ta yi murmushi ta ce masa ya kyauta, amma a camfinsu duk sabon ɗalibin da ya taka wannan harafi kafin jarrabawarsa ta farko sai ya faɗi. Auta ya ce shi bai yarda da camfi ba, kuma shi ba sabon ɗalibi ba ne. Duk da haka da sauri ya sauko, don jarrabawarmu saura mako 3.

Wuri na ƙarshe Yaya ne ya zaɓa, kasancewarsa mai nazarin kiwon lafiyar al'umma. Muka wuce wata doguwar hasumiya mai ƙararrawa muka tsaya gaban wani gini mai suna Rackham. Ya ce mana a cikin zauren wannan gini, ranar 12 ga Afrilun 1955, wani malamin jami'ar mai suna Thomas Francis ya tsaya gaban 'yan jarida ya sanar da duniya cewa allurar rigakafin shan-inna ta yi aiki kuma ba ta da illa. Tsohon ɗalibinsa Jonas Salk ne ya haɗa ta a Pittsburgh, shi kuma Francis ya jagoranci tantance gwajin da ya shafi yara kusan miliyan 1.8.

Auta ya zauna a kan matakala bai ce komai ba. Dukanmu mun san dalili. Babban wansu shan-inna ta kama shi tun yana goye, bai taɓa takawa da ƙafarsa ba. Shi ne ke gyaran waya a bakin kasuwa, da kuɗinsa aka biya wa auta jarrabawar fita sakandare, kuma duk yammacin Lahadi yana kan katakonsa mai taya yana buga ƙwallon guragu. Auta da ƙannensa kuwa an ɗiga musu maganin, suka tashi da ƙafafunsu.

Can sai ya ɗago ya ce, "Yaya, wato ƙafafun nan da na taka musu M da su, a nan aka samo mini su?"

Yaya ya ce, "Rabi da rabi." Ya bayyana mana cewa maganin da ake ɗiga wa yara a baki gida-gida ba na Salk ba ne. Wani likita Albert Sabin ne ya haɗa shi, a birnin Sinsinati, cikin jihar Ohayo. Salk da Sabin kuwa ba sa ga-maciji, kowa na ganin nasa ne daidai, har suka bar duniya ba su jitu ba. Amma kowa cikinsu ya ƙara himma ne don ɗan'uwansa na bayansa. Yau a asibitocinmu duka biyun ake ba jariri, ɗigo da allura. An ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da ita. Ya ce hatta wannan hamayya ta ƙwallo haka take da wani amfani, don tun 1982 duk watan Nuwamba makarantun biyu kan yi gasar wa zai fi ba da gudummawar jini, kuma marar lafiyan da aka ƙara wa jinin bai taɓa tambayar launin hular mai shi ba.

Auta ya ɗauki hoton ginin ya tura wa wansa da bayani ta WhatsApp. Muna cin shawarma a wani ɗan shagon Larabawa amsa ta shigo cikin murya. Wan nasa ya ce, "Madalla. Ku gaishe su da kyau, ku ce na gode. Amma fa ranar Asabar ku ci su."

To, ko za mu iya cin su? Ga yadda abin yake. Kowace ƙungiya ta buga wasa 11 bana ta ci 11. A jerin ƙasa baki ɗaya Ohayo ce ta 2, Mishigan ta 3. Wadda ta ci gobe za ta je wasan ƙarshe na Big Ten da jami'ar Iowa ranar 2 ga Disamba, kuma hanya ta buɗe mata zuwa gasar ƙungiyoyi 4 da ke fitar da zakaran ƙasa. Wadda ta faɗi, da wuya ta samu shiga. Daga baɗi ƙungiyoyi 12 za a riƙa ɗauka, don haka wannan ne karo na ƙarshe da kaye ɗaya zai iya rushe aikin shekara guda haka.

Kada ku sa ran ruwan maki. A wasanni 11, maki 99 kacal aka ci Mishigan, Ohayo kuma 102, wato kowace ba a cin ta maki 10 a wasa in aka raba. Babu masu tsaron gida kamar su a ƙasar bana.

Ƙarfinmu a sama yake. Muna da Marvin Harrison ƙarami, dogon saurayi mai cafe ƙwallo ko mutum biyu ne suka rufe shi, wanda ya haura yadi 1,000 bara ya sake haurawa bana. Mai jefa masa ƙwallon, Kyle McCord, abokinsa ne tun suna sakandare ɗaya a Filadelfiya, kun ga zumuncin aji ba wasa ba ne. Akwai kuma Emeka Egbuka, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya muku inda tsatsonsa yake. Damuwarmu ita ce bana ne McCord ya fara jan ragama, bai taɓa shiga wannan rami da mutum sama da 100,000 na yi masa ihu ba. Amma a Satumba ya nuna yana da zuciya, ranar da ya ja mu muka ci Notre Dame 17 da 14 saura daƙiƙa 1 a tashi.

Ƙarfinsu a ƙasa yake. Ranar 11 ga wata, a gidan Penn State, sau 32 a jere suka ruga da ƙwallo ba a lissafa musu jifa ko ɗaya ba, kowa ya san abin da za su yi amma aka kasa tare su, suka ci 24 da 15. Jagoran wannan aiki shi ne Blake Corum, gajere kakkaura, wanda ciwon gwiwa ya kusan hana shi wasan bara gaba ɗaya, bana kuma sau 20 yana shiga zangon ƙarshe. Mun so mu ƙi shi, sai muka ji tun 2021 duk lokacin bikin godiya da kuɗinsa yake sayen talo-talo yana raba wa mabuƙata a garin da ke maƙwabtaka da su. Mai jifansu J.J. McCarthy ne, wanda ya ci mu bara. A madadin Harbaugh, mataimakinsa Sherrone Moore ɗan shekara 37 ne zai ja su.

In kun samu inda ake nunawa, ku sa ido a abu ɗaya: wa ya fi cin yadi da gudu. Fiye da shekara 20 ke nan duk wanda ya fi a nan shi ke cin wasan. Ukunmu mun ce Ohayo za ta ci da ƙyar, da tazarar da ba ta wuce maki 3 ko 4 ba. Ɗan Damagaram ya ce zuciyarsa na Ohayo amma idonsa na ganin Mishigan, muka ce in haka ta faru shi zai yi wanke-wanke har ƙarshen zango.

Akwai wani abu da muka yi wa juna alkawari a hanyar dawowa. Gobe babu ma'aikacin da ake zargi, babu Harbaugh, kuma an samu makonni na sauya alamu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In suka sake cin mu, ba za mu ce sata ba ce, za mu ce sun fi mu. In muka ci su, ba za mu ce duk abin da yaransu suka yi a shekara 2 ƙarya ne ba, binciken nasu kuma mu bar wa masu bincike. Wannan alkawari ya fi mana wuya fiye da yadda kuke zato, don mun saba da uzurin, kamar ɗalibin da duk jarrabawar da ya faɗi sai ya ce malami ne ba ya ƙaunarsa.

Mun san ku ma kuna da naku. Akwai makarantar da ke bayan katangarku, wadda tun ranar da kuka shiga aji 1 aka ce muku ba a shiri da yaranta. Akwai gida mai jar riga da gida mai koriya a wasannin makaranta. Akwai abokin da kuka daina yi wa magana saboda Arsenal da Chelsea, ƙungiyoyin da ba su san da zamanku ba. Akwai ma waɗanda suka fi waɗannan nauyi, na unguwa da na ƙabila, waɗanda ba ku kuka haɗa ba, tarar da su kuka yi. Ba mu ce ku daina son nasara ba, mu ma gobe sai muryarmu ta dishe. Amma duk wanda ya miƙo muku abokin gaba, ku tambaye shi mafarin abin, ku tambaye shi laifin naku ɓangaren, in da hali kuma ku taka ku je ku ga mutanen da idonku.

Salatif ɗin bai yi asara ba. Mun wuce Toledo da kaɗan madubin gefen motar ya soma lilo, muka tsaya a gidan mai auta ya naɗe shi da shi tam. Har yanzu yana nan, ja wur, kuma a wannan mota za mu je ɗakin kallo gobe. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu gaya muku wanda ya yi wanke-wanke.